Babi na Shida: Wane ne kai a gaban Kubernetes?

Duk wanda ya fara aiki da Kubernetes, abin da yake fara nema shi ne inda zai sa sunansa da kalmar sirrinsa. Haka ya saba a Gmail, haka ya saba a manhajar bankinsa. Sai ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta `kubectl login`, kwamfuta ta amsa masa cewa ba ta san wannan umarni ba. Ba laifin rubutunsa ba ne. Umarnin ne babu shi, kuma ba mantuwa aka yi ba. Da gangan aka ƙi sa shi, kuma wanda ya fahimci dalilin ya fahimci rabin abin da ke wahalar da mutane a wannan fage.

A babukan baya mun ga yadda kwantena take: manhaja ce da aka naɗe tare da duk abin da take buƙata domin ta yi aiki a kowace kwamfuta ba tare da gardama ba. Docker ne ya yaɗa wannan salo daga 2013. Da kwantenonin suka yi yawa, sai aka buƙaci abin da zai rarraba su a kan kwamfutoci masu yawa, ya tada wadda ta faɗi, ya ƙara idan jama’a sun yi cincirindo. A watan Yuni na 2014 Google ya fito da Kubernetes, wanda ma’aikatansa Joe Beda da Brendan Burns da Craig McLuckie suka fara ginawa bisa darussan da kamfanin ya koya daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg. A Yulin 2015 aka saki siga ta 1.0, aka kuma miƙa aikin ga gidauniyar CNCF. Tarin kwamfutocin da Kubernetes ke juyawa a matsayin abu guda shi muke kira gungu.

Kowane gungu yana da mashiga ɗaya tak, wato sabar API. Mutum ne, ko manhaja, ko ma sauran sassan Kubernetes ɗin kansa, duk ta nan suke bi. Shi `kubectl` ba wani abin al’ajabi ba ne, ɗan aike ne kawai. Idan ka rubuta `kubectl get pods`, sai ya mayar da umarnin saƙon HTTPS, ya aika wa sabar, galibi ta tasha mai lamba 6443 ko 443, ya karɓo amsa ya shimfiɗa maka a allo. Daga nan magana ta ƙare. Sabar ba ta riƙe cewa ɗazu kai ne ka zo. Umarni na gaba sabon baƙo ne a wurinta, dole ya zo da shaidarsa. Ka ba da umarni ɗari a yini, sau ɗari za a duba ko kai wane ne.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki: Kubernetes ba shi da rajistar mutane. Ba za ka iya ce masa ya buɗe wa sabuwar ma’aikaciya asusu ba, domin babu inda zai rubuta sunanta. Yana da asusu na manhajojin da ke aiki a cikinsa, amma ’yan Adam ya bar lamarinsu ga wani a waje. Aikinsa shi ne ya karɓi shaidar da wani wanda ya amince da shi ya bayar, ya tabbatar ba jabu ba ce, ya karanta sunan da ke ciki. Masu ginin sun ga cewa duk kamfanin da zai yi amfani da shi ya riga ya mallaki wurin da yake ajiye sunayen ma’aikatansa, ƙara wani wurin kuwa ƙara inda za a manta da sunan wanda aka sallama ne. Ina ganin sun yi daidai, ko da yake hakan ya jefa nauyi mai yawa a kan fayil guda ƙarami.

Fayil ɗin yana zaune a `~/.kube/config`, ’yan harkar suna kiransa kubeconfig. Rubutu ne zalla a tsarin YAML, kowa zai iya buɗe shi ya karanta. Yana ɗauke da jerin gungunan da ka sani, kowane da adireshinsa da satifiket ɗin da za a gane cewa sabar ta gaskiya ce ba ta wani ɗan damfara ba. Yana ɗauke da jerin shaidun da kake da su. Sannan akwai ɓangaren `contexts`, inda ake haɗa gungu kaza da shaida kaza a ba haɗin suna, da kuma layi ɗaya, `current-context`, mai faɗin wane haɗi ne ke aiki yanzu. Abin da mutane ke kira shiga gungu, a zahiri, shi ne samar da rubutun da ya dace a cikin wannan fayil. Idan fayil ɗin babu shi gaba ɗaya, `kubectl` yakan juya ya nemi sabar a kan kwamfutarka, ya dawo yana kukan cewa `localhost:8080` ya ƙi amsawa. Wannan saƙo ya ɓatar da sababbin shiga da yawa, suna ta binciken tasha 8080, alhali abin da ake gaya musu shi ne ba a ga fayil ɗin ba.

To, wace irin shaida ake sawa a ciki? A nan ne hanyoyi suka rabu, kuma a nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya.

Mafi daɗewa ita ce satifiket na X.509 tare da makullinsa na sirri. Kowane gungu yana da tasa hukumar sa hannu, wato babban makulli da ake hatimce sauran satifiket da shi. Idan ka zo da satifiket mai ɗauke da wannan hatimi, sabar za ta ɗauki abin da aka rubuta a gurbin `CN` a matsayin sunanka, abin da ke gurbin `O` kuma a matsayin ƙungiyar da kake ciki. Wanda ya kafa gungu da `kubeadm` zai tarar an ajiye masa irin wannan a `/etc/kubernetes/admin.conf`, kuma saƙon kammala aikin da kansa yana gaya masa ya kwafe shi zuwa gidansa. Yana kwafewa komai ya fara aiki. Daɗin da ya ji a wannan lokaci shi ne tushen matsalar, domin gobe idan abokin aiki ya ce shi ma yana son shiga, hanya mafi sauƙi ita ce a tura masa fayil ɗin. A ƙananan kamfanoni abin har ta WhatsApp yake yawo, daga waya zuwa laftof, daga laftof zuwa filashi.

Dubi abin da aka tura. Dogon rubutun nan mai kama da shirme da ke cikin fayil ɗin ba a ɓoye yake ba. Base64 ne, umarni ɗaya ke warware shi. Shekara da shekaru satifiket ɗin da ke cikin `admin.conf` yana sa mai shi cikin ƙungiyar `system:masters`, wadda Kubernetes ba ya ma tambayar ko tana da izini. Duk abin da ta ce shi ke nan, ko da share gungun ne baki ɗaya. Kuma da yake kowa da suna ɗaya yake shigowa, idan aka wayi gari an goge rumbun bayanan kwastomomi, kundin bincike zai nuna cewa `kubernetes-admin` ne ya yi, wanda yake nufin mutum shida ko goma.

Mafi muni, Kubernetes ba ya duba jerin satifiket ɗin da aka soke. Babu wani umarni da zai kashe satifiket guda. Muddin kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba, wanda a wurin `kubeadm` shekara guda ne, yana nan da ransa. Kamar maigidan da ya kai makullin ƙofar gidansa kasuwa aka yanka wa kowane ɗan haya kwafi: ranar da ɗaya ya tashi da nasa a aljihu, babu dabarar da ta rage sai a cire kwaɗon gaba ɗaya a sake raba wa kowa sabo. A gungu, canza kwaɗon yana nufin canza hukumar sa hannun da kowace kwamfuta da kowane sashe na tsarin ya dogara da ita, aikin da injiniyoyi ke gudu saboda kuskure kaɗan zai tsayar da komai. Shi ya sa galibi ba a yi, a bar tsohon ma’aikaci da ikonsa ana fatan mutumin kirki ne. Masu kula da `kubeadm` sun ga wannan haɗari, a siga ta 1.29 da ta fito a Disambar 2023 suka raba fayil ɗin biyu. Yanzu `admin.conf` yana cikin wata ƙungiya da za a iya janye mata izini, shi kuwa mai cikakken iko an koma da shi `super-admin.conf`, wanda ya kamata a kulle shi sai ranar da gobara ta tashi.

Akwai lokacin da sabar ke karɓar fayil na sunaye da kalmomin sirri a rubuce tsirara. An cire wannan a siga ta 1.19 a 2020, kuma babu wanda ya yi kewarsa. Wata dabarar da ta daɗe ita ce a buɗe asusun manhaja, a kwashe tokin ɗinsa, wato rubutun shaidar da yake shiga da shi, a ba mutum. Kafin 1.24 irin wannan tokin ba ya mutuwa sam. Daga 2022 aka daina ƙirƙirarsa kai tsaye, yanzu `kubectl create token` yana ba da wanda zai yi awa ɗaya idan ba ka nemi ƙari ba.

Alƙiblar duk waɗannan gyare-gyare ɗaya ce: shaida ta zama mai gajeren rai, kuma ta fito daga wurin da ya san mutum da sunansa. Hanyar da aka fi bi ita ce OpenID Connect. Kamfani yana da mai tantance ma’aikatansa, ko Keycloak ne, ko Okta, ko Microsoft Entra ID, ko Google. Ana gaya wa sabar API cewa ta yarda da duk tokin da wannan mai tantancewa ya sa wa hannu. Idan ka ba da umarni, wani ɗan ƙaramin mataimaki irin su `kubelogin` zai buɗe maka burauza, ka ga shafin shiga na kamfaninku da ka saba, ka sa kalmar sirri, ka amsa lambar da aka turo wa wayarka. Burauza ta miƙa wa mataimakin sakamakon, shi kuma ya karɓo tokin ya ba `kubectl`. Tokin ɗin ɗauke yake da sunanka, da ƙungiyoyinka, da lokacin da zai mutu, da sa hannun wanda ya bayar. Sabar tana duba sa hannun da makullin da mai tantancewar ya wallafa, ba sai ta kira shi a kowane umarni ba. Wannan yana nufin shi ma tokin ba a iya kashe shi kafin lokacinsa, amma lokacin nasa mintuna ne ko awa guda, ba wata goma sha biyu ba. Ranar da aka rufe asusun ma’aikaci a ofishin ma’aikata, kafin ya gama tattara kayan teburinsa tokin ɗin da ke hannunsa ya kusa mutuwa, kuma ba za a sabunta masa ba.

Abin da ya sa wannan ya yiwu ba tare da an cusa wa `kubectl` sanin kowane kamfani ba shi ne wani ɗan gurbi a cikin kubeconfig mai suna `exec`. Maimakon a rubuta shaidar, sai a rubuta sunan wata manhaja da za a kira ta kawo shaidar duk lokacin da ake buƙata. Manyan kamfanonin da ke ba da hayar gungu galibi ta nan suke bi. A Amazon kana rubuta `aws eks update-kubeconfig`, a Google `gcloud container clusters get-credentials`, a Microsoft `az aks get-credentials`. Aikin kowane ɗayansu shi ne ya rubuta maka fayil ɗin.

Dabarar Amazon ta burge ni tun ranar da na fahimce ta. Idan `kubectl` ya kira `aws eks get-token`, manhajar ba ta zuwa ko’ina ta roƙi tokin. Tambaya take shiryawa zuwa ga sashen Amazon mai suna STS, tambayar da ma’anarta ita ce «wane ne ni», ta sa mata hannu da makullinka na AWS, amma ba ta aika ba. Wannan tambaya da ba a aika ba ita ce tokin ɗin, an naɗe ta an manna mata `k8s-aws-v1` a goshi. Gungun ne zai karɓa ya aika a madadinka, STS ya duba sa hannun ya amsa da sunanka. Makullinka bai bar kwamfutarka ba, kuma bayan minti 15 takardar ta zama banza.

A da, `kubectl` yana ɗauke da hanyar shiga Google da ta Microsoft a cikin jikinsa. A siga ta 1.26, Disambar 2022, aka fitar da su, wanda ya sa masu amfani da Google suka koma sai sun girka `gke-gcloud-auth-plugin` daban. Mutane da yawa sun sabunta `kubectl` da safe suka tarar an rufe musu ƙofa. OpenShift na kamfanin Red Hat ya ɗauki wata hanyar: ya gina tasa sabar tantancewa a cikin gungun, don haka shi yana da `oc login` na gaske, wanda ke karɓo tokin mai awa 24 ya rubuta shi a cikin kubeconfig ɗin dai. Ko a nan, ƙarƙashin umarnin, fayil ne da shaidar da ke bin kowane saƙo.

Gurbin `exec` yana da kaifi biyu, kuma ba a cika gaya wa masu koyo ba. Tunda fayil ɗin zai iya cewa a kira manhaja kaza, to fayil ɗin da wani ya turo maka zai iya cewa a kira duk abin da ya ga dama a kan kwamfutarka, da ikonka, da zarar ka rubuta umarni mafi sauƙi. Takardun Kubernetes na hukuma sun yi gargaɗi a kan haka ƙarara. Wanda ke karɓar aikin kwangila daga baƙin da bai taɓa gani ba, kamar yadda matasanmu da yawa ke yi ta intanet, ya buɗe duk kubeconfig da aka turo masa ya karanta layi-layi kafin ya bari `kubectl` ya taɓa shi. Ya kuma kula da layin `insecure-skip-tls-verify`, wanda idan aka sa shi `true` an ce wa `kubectl` ya miƙa shaidarka ga duk wanda ya amsa a wannan adireshi ba tare da tambaya ba.

Idan an ƙi ka, saƙon ƙin iri biyu ne, kuma bambanta su yana rage wahalar yini guda. Lamba 401, wadda `kubectl` ke nunawa da kalmar `Unauthorized`, tana nufin sabar ba ta gane ka ba: tokin ya mutu, ko satifiket ya ƙare, ko shaidar ta wani gungun ce. Lamba 403, `Forbidden`, tana nufin ta gane ka sarai, har takan ambaci sunanka, amma ba a ba ka izinin abin da ka nema ba. Wannan na biyun aikin RBAC ne, tsarin rabon izini da ya kammala nuna a siga ta 1.8 a 2017, inda ake rubuta cewa ƙungiya kaza za ta iya dubawa a sashe kaza amma ba za ta iya gogewa ba. Wanda ya ga 403 ya koma yana sake shiga sau goma yana ɓata lokacinsa ne; mai gungun zai nema. Umarni biyu suna taimakawa sosai: `kubectl auth whoami` yana faɗa maka sunan da sabar ta san ka da shi, wanda sau da yawa ba shi ne wanda kake zato ba, `kubectl auth can-i delete pods` kuma yana amsa maka da e ko a’a ba tare da ka goge komai ba.

Akwai matsaloli biyu da suka fi damun wanda ke aiki daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi fiye da takwaransa na Landan. Ta farko agogo ce. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, sa hannun Amazon kuma yana ɗauke da lokacin da aka yi shi. Laftof na hannu da ɗan batirin agogonsa ya mutu, idan aka ɗauke wuta ya mutu gaba ɗaya, yakan tashi yana ganin wata shekarar ce daban, daga nan duk shaidar da ya gani ko ya ƙirƙira sai ta zama ba ta inganta ba. Kafin a zargi gungu, a rubuta `date` a gani. Ta biyu ita ce adireshin IP. Kamfanoni da yawa suna taƙaita sabar API ga wasu adireshi da suka sani, wanda kyakkyawan tsari ne. Amma mai amfani da datar waya adireshinsa ba ya zama wuri ɗaya, kuma yana raba shi da ɗimbin mutane a layin. Alamar wannan ita ce ba za ka ga 401 ko 403 ba, umarnin zai tsaya cak har lokaci ya ƙure. Maganin shi ne VPN na kamfani ko wata kwamfuta ta tsakiya mai tsayayyen adireshi. Abin da nake roƙon kada a yi shi ne a gaji a buɗe sabar ga duniya baki ɗaya «na ɗan lokaci». A Fabrairun 2018 kamfanin tsaro na RedLock ya bayyana cewa ya gano allon sarrafa Kubernetes na Tesla a buɗe babu kalmar sirri. Wasu sun riga sun shiga suna haƙar kuɗin kirifto da kwamfutocin kamfanin, kuma a ciki akwai makullan AWS. Idan hakan ta faru da kamfani mai irin wannan ƙarfi, ƙaramin kamfanin biyan kuɗi mai injiniya uku ba shi da dalilin ganin ya fi ƙarfin abin.

Saura layin nan guda, `current-context`. Injiniya yakan riƙe gungu uku ko fiye a fayil ɗaya: na gwaji, na share fage, da na gaske wanda kuɗin mutane ke bi ta cikinsa. Layin yana zaune ne a cikin fayil, ba a cikin tagar da kake rubutu ba. Idan ka buɗe taga biyu, ka juya zuwa gungun gaske a ɗaya don ka duba wani abu, ɗayar ma ta juya ba tare da ta nuna maka ba. Umarnan nan uku na Amazon da Google da Microsoft su ma duk lokacin da ka kira su sukan mayar da layin kan gungun da suka rubuta. Shaidarka tana da kyau, izininka cikakke ne, sabar za ta aiwatar da `kubectl delete` ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba, domin ba ta da hanyar sanin cewa a ranka gungun gwaji kake nufi.

Akwai kayan aiki da ke rage wannan haɗari. `kubectx` na Ahmet Alp Balkan yana sauƙaƙa juyawa tsakanin gungu, `kube-ps1` kuma yana rubuta sunan gungun a farkon kowane layi don ido ya riƙa gani. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne a fitar da gungun gaske daga `~/.kube/config` kwata-kwata, a ba shi nasa fayil, a taƙaita karanta shi ga mai kwamfutar da `chmod 600`. Duk ranar da ake buƙatarsa sai a buɗe taga ta musamman, a nuna mata fayil ɗin da `export KUBECONFIG`, wanda ikonsa bai wuce wannan tagar ba, a yi aikin, a rufe ta. Shaidar yau da kullum da ke cikin wannan fayil kuma ta kasance ta dubawa ce kawai, ikon gogewa sai an nema daban an kuma rubuta dalili.